Hatimin da Na Sa Aka Kankare

Ranar da iƙamata ta fito, katin nan da ke ba baƙo izinin zama a Saudiyya, da hannu biyu na karɓe ta kamar an naɗa ni sarauta. Sai da na fito bakin titi na tsaya a inuwar wani shago na duba gurbin sana'a. "Amil" aka rubuta, wato lebura. Ni Habibu, da na yi shekara huɗu ina karatu a Amurka, na yi shida ina koyar da Turanci a Gusau, yau ga kati ya ce lebura ne ni. Ba raina leburanci nake ba, mahaifina dako ya yi a kasuwa har ya tsufa, da shi ya ciyar da mu. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mai iƙamar lebura ba a ba shi izinin kawo iyali. Ni kuwa na baro matata Bilkisu da ciki wata bakwai, na kuma yi mata alkawarin ba za ta yi azumi biyu babu ni ba.

Kafilina, mutumin da ya ɗauko ni aiki kuma takarduna ke ƙarƙashin sunansa, wani Balarabe ne da ake kira Abu Faisal. Yana da 'yar cibiyar koyar da Turanci a unguwar Safa a birnin Jidda, saman wani babban kanti. Da na kai masa kuka, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

"Mafi mushkila, ya ustaz," in ji shi, wato babu matsala, malam. "Bizar da na samu ke nan a lokacin. Kawo shahadarka ta jami'a, ta asali, a fassara, a tantance, mu mayar da kai malami a takarda. Halas, matarka ta zo."

Na ce to. Na sauko matakala. Shahadar, wato takardar digirina, tana nan a ƙasan akwatina, lafiyarta lau, amma ba na son kowa ya gan ta.

A Madain Fahd nake kwana, ɗaki ɗaya mu huɗu: ni, da direbobi biyu 'yan Katsina, da wani tela ɗan Maraɗi wanda ba ya iya jera magana uku bai tsoma Faransanci ba. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsufa, ruri take kamar injin niƙa, tana ɗigar da ruwa a bokiti. Da safe ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, da yamma ma ful da tamis, har na fara ganin tuwon dawa da miyar kuka ido biyu. A ɗakin nan labarin haihuwa ya same ni. Mace ce, aka sa mata sunan mahaifiyata Hauwa'u, muna kiranta Maijidda. Ta waya na ji kukanta na farko, ta waya na ga ragon suna. Na yi ta-maza a gaban abokan zama, na shiga banɗaki na buɗe famfo na sha kukana.

Bari in faɗi abin da ke jikin takardar da nake ɓoyewa. Kwalejin da na yi 'yar ƙarama ce, a kan wani tudu a tsakiyar gonakin masara, ɗalibanta duka ba su kai na sakandaren da na yi a gida ba. Ta wata ɗarikar Kirista ce da ake kira Furesbiteriyan, waɗanda majalisar dattawa ke riƙe musu da komai, coci da makaranta. Kakanninsu daga Sikotland suka yi hijira, talakawa ne masu taurin kai da son karatu. A bakinsu na ji cewa tun kafin su gama rufin gidajensu sun aza harsashin makaranta. Ginin farko na katako ne, gobara ta cinye shi ƙurmus a wani hunturu, ƙararrawa kaɗai ta tsira. Ba su watse ba. Ɗalibai da mutanen gari suka buga bulo a bakin rafi, suka riƙa ɗaukowa a kafaɗa zuwa kan tudun har gini ya tashi. Shi ya sa har yau duk sabon ɗalibi, a makonsa na farko, sai ya ɗauko bulo ɗaya daga bakin rafin ya hau da shi, manyan ɗalibai na tsaye gefen hanya suna tafi suna yi masa tsiya. Ni da na tashi gidan ɗan dako, a ka na ɗora nawa, na saki hannuwa, na wuce su ina taku ɗai-ɗai. Tun ranar babu wanda bai san ni ba a tudun nan.

Hatimin kwalejin, wanda ke daram a tsakiyar shahadata, hoton wani ɗan itace ne yana ci da wuta bai ƙone ba, wutar nan da Annabi Musa, alaihis salam, ya hango. A samansa kuma ga ɗan gicciye, bai fi farcen ƙaramin yatsa ba.

Wani malaminmu na sakandare ne ya cika mini takardun neman tallafi, suka ɗauke ni kyauta. Da na dawo gida aka yi 'yar walima. Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya karɓi takardar ya tsura wa hatimin ido, ya ce, "Af, ashe makarantar mishan aka kai ka. Allah dai ya sa da imaninka ka dawo." Aka kwashe da dariya, ni ban yi ba. Daga ranar, in an tambaye ni inda na yi karatu sai in ce Amurka, in ja bakina. Duk aikin da na nema a gida, kwafi na miƙa, irin baƙin kwafin nan da hatimi ke komawa dunƙule. Wasiƙun da kwalejin ke aiko wa tsofaffin ɗalibai ma na daina buɗewa.

To in a Gusau gicciyen ya ja mini magana, ina ga ƙasar da Makka take? Haka na yi ta saƙawa ina kwancewa. Wata biyar ina jan ƙafa, Abu Faisal na tambaya ina cewa tana hanya. Azumi ya zo ya wuce, na yi salla ni kaɗai kamar maraya.

Ana nan sai ɗaya daga cikin direbobin ya haɗa ni da Alhaji Tanko. Umra ta kawo shi shekarun baya, bai koma ba. Turare yake sayarwa a bakin wani masallaci, amma an ce babu takardar da ba ya sanin hanyarta. Mutum ne mai faran-faran, da hular zanna da carbi mai manyan 'ya'ya. Na ja shi gefe na buɗe masa shahadar. Yana gani ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"Subhanallahi! Malam, gicciye? A ƙasar nan? Wa ka nuna wa?"

"Babu kowa, Alhaji."

"Allah ya so ka. Wallahi da ka kai ta ofis, kafin la'asar kana jirgi. Na san wani ɗan Gana da haka ta faru da shi." Ya kashe murya. "Amma ka kwantar da hankalinka. Akwai wani yaron kirki a can baya, hannunsa kamar na likita."

Yanzu in na tuna, ban taɓa tambayarsa sunan ɗan Ganan nan ba. Abin da nake tsoro ya faɗa mini, shi ya sa na gaskata shi nan take. Na ba shi takardar, na ba shi abin da ya yanka. Bayan kwana biyu ya dawo mini da ita. An kankare gicciyen da reza, an shafa wani farin abu a gurbin, sannan an rufe takardar gaba ɗaya da roba a inji, tana ta ƙyalli. Itacen na nan da wutarsa, samansa fayau. Har godiya na yi masa, ya ƙara mini da 'yar kwalbar turare kyauta.

Washegari na hau mota zuwa Bagdadiyya, inda ofisoshin fassara suke jere. Na zaɓi wanda babu layi, na hau wani siririn bene mai warin tsohuwar takarda da turaren wuta. Wani dattijo baƙi ne zaune bayan tebur, da farar jallabiya da rawani irin na Sudan, tabarau a kan hanci. Na yi sallama, na fara kame-kame da guntun Larabcina. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai Bahaushe ne? To yi Hausa, ka huta, ni ma in huta."

Sunansa Usman, kowa Ammu Usman yake ce masa, wato Baffa Usman. Ɗan garin Mai Wurno ne a Sudan, a bakin kogin Nilu. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa zai tafi hajji, ya tsaya a can ya yi gona, jikan ne ya ƙarasa tafiyar. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, sai dai kowace magana da jelar Larabci. Ya karɓi shahadar, ya juya ta, ya tashi ya je bakin taga ya ɗaga ta a hasken rana. Ya daɗe a tsaye.

"Wa ya yi wa takardar nan aski?"

 Na ce haka take.

"Ya waladi, ɗana, kada mu fara da ƙarya tun ba mu sha shayi ba." Ya dawo ya zauna, ya ɗora yatsa a kan farin gurbin. "Nan gicciye ne. Na san itacen nan tun ba a haife ka ba. A makarantar mutanen nan na yi aji a Omdurman, can Sudan, su suka koya mini Turancin da nake ci da shi har yau. Ka san sunan abin da ka yi a wurin hukuma? Tazwir. Jabu. Da ka wuce ni ka kai ta ofis, ba iyali za a hana ka ba, kai za a riƙe. Takardarka ta gaskiya ce, ka biya an mayar maka da ita ta ƙarya."

 Na ce, "Ammu, an ce mini ba a karɓar mai gicciye."

"Wa ya ce? Takardu nawa masu gicciye suka bi ta teburin nan? Likitoci 'yan Filifin, injiniyoyi 'yan Labanan. Ma'aikaci sa hannu yake dubawa da cikakken hatimi, ina ruwansa da hoton da ke ciki?"

Na ja kujera na zauna. Ya leƙa taga ya yi kira aka kawo shayi mai na'ana'a. Bai ƙara yi mini faɗa ba. Sai ya ce in ba shi labarin makarantar, domin rabonsa da jin labarin mutanen nan tun yana saurayi.

Wallahi shekara shida ban buɗe baki na yi maganar kwalejin nan ba, amma ranar kamar an ɓalle famfo. Na faɗa masa yadda muke zama mu goma a kewayen tebur guda da malami, babu inda za ka ɓuya in ba ka yi karatu ba. Ba a barin ka da fanni ɗaya: ni da na je don Turanci sai da aka sa ni falsafa, da tarihi, da duban taurari a kan rufin ɗakin karatu cikin sanyin da ke fasa leɓe. Kowane ɗalibi da aikinsa, wani shara, wani lambu, wani kaɗa ƙararrawar nan da ta tsira daga gobara. Ni wanke-wanke na yi a kicin, inda wata tsohuwa mai dafa abinci ke ajiye mini kwano a tanda duk watan azumi, ta rubuta sunana a jiki don kada 'yan ƙwallo su cinye. Na faɗa masa yadda ake jarrabawa babu mai tsaro. Malami ya raba takardu ya yi tafiyarsa, in ka gama sai ka rubuta a ƙasa da hannunka cewa ba ka yi maguɗi ba, ka sa hannu. Da na zo nan, Ammu Usman ya ƙara mini shayi.

Sannan na ba shi labarin Rabaran Dauda, limamin cocin kwalejin. Sunansa na Turanci daban, ni na mayar da shi Dauda, ya kuwa karɓa da murna. A satina na biyu ya same ni ina salla a ƙarƙashin matakalar ɗakin kwana, mutane na tsallake ni. Ya jira na sallame, ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani ɗaki a ƙasan cocin, inda ake koya wa yara karatu ranar Lahadi, mai ɗumi da shimfiɗa, ya ba ni makulli. Da muka auna alƙibla sai ta faɗa daidai bangon da aka rataya gicciyen katako.  Washegari sai ga shi da guduma da ƙusa biyu da wani koren ƙyalle mai kauri da matarsa ta ɗinka kafin ta rasu. Da hannunsa ya kafa ƙusoshin. Ya ce, "In za ka yi salla ka rufe. In ka gama ka buɗe, domin yaran za su neme shi ranar Lahadi." Shekara huɗu ina rufewa ina buɗewa.

Ammu Usman ya ajiye kofinsa. "Shi ya rufe nasa da hannunsa saboda kai. Kai kuma ka sa reza."



"Ka rubuta musu su ba ka wata," in ji shi.

"Sai in ce ruwa ne ya ɓata ta."

"A Jidda? Ruwan da ake yi sau nawa a shekara? Kuma za su ce ka mayar da tsohuwar. Faɗa musu gaskiya, ya waladi. Yalla, tashi ka je."

Amsar ofishin kwalejin ta zo bayan kwana uku, cikin ladabi, amma ta kashe mini jiki. Sai na mayar da tsohuwar tare da bayani. Kuma ba sa buga shahada a inji: da hannu wata mata ke rubuta kowace ɗaya, dattawan majalisa su sa hannu a zamansu na shekara, ranar yaye ɗalibai. Zaman bana ya wuce da wata biyu, na gaba sai bayan wata goma. Na kai wa Abu Faisal labari, ban ɓoye masa komai ba. Wannan karon ya ajiye wayar. Ya ce saura wata huɗu a sabunta kwantiragina, kuma shi ma ana matsa masa ya nuna takardun malamansa. "In ba ta zo ba, ya ustaz, dole in nemo wani. Ba ƙiyayya ba ce."

Na biya ta wurin Alhaji Tanko raina a ɓace. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba malam, ni taimako na yi. Kai ka kawo mini ita da ƙafarka." Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Bilkisu ce ta fi wuyar faɗa wa. Na yi ta kewaye-kewaye a waya har ta ce, "Malam, ka faɗi abin da ke bakinka." Na faɗa. Ina jin Maijidda na gwaranci a bayanta.

"Yanzu saboda maganar Kawu Sale ka jefa mu cikin wannan? Kawu Salen da ko sunansa ba ya iya rubutawa? Ni da na aure ka na san inda ka yi karatu, na kuma ga sallarka. Ka kira tsohon Rabaran ɗin nan naka."

"Shekara shida ban amsa wasiƙarsa ba, Bilkisu. Da wane ido?"

"Da wanda ka kalli mai reza."

Bayan la'asar na hau rufin gidanmu, na tsaya tsakanin tankunan ruwa, lokacin gari ya waye a can. Rabaran Dauda ya yi ritaya, amma lambar gidansa ba ta canza ba. Muryarsa ta tsufa, tana rawa. Ina faɗin sunana ya yi wata ƙara da na zaci faɗuwa ya yi. Da ya ji ina Saudiyya, tambayar da ya fara yi mini ita ce, "Habibu, ka samu wurin salla mai kyau a can?"

Dariya ta kuɓuce mini tare da hawaye. Na ce, "Rabaran, Makka na nan kusa da ni, tafiyar awa guda."

"To madalla. Ka samu wanda ya fi ɗakin ƙasan cocinmu."

Daga nan na zayyana masa komai, tun daga walima har reza. Ban rage ba.  Bai ce mini "ba komai" ba, kuma na gode masa da bai faɗi haka ba. Ya ce abin ya yi masa ciwo. Sannan ya tambayi sunan yarinyar da watanninta, ya maimaita sunan sau uku har ya iya. Ya ce, "Majalisa ba za ta zauna don mutum ɗaya ba. Amma dattawan suna da gidaje, ni kuma ina da mota da lokaci. Ka yarda in faɗa musu abin da ya faru?" Na ce na yarda.

Haka tsohon nan ya riƙa bin su gida-gida. Duk Juma'a sai ya aiko mini da saƙo: an samu wane a gona, wance ta tafi wurin jikokinta sai mako mai zuwa. Wata dattijuwa daga cikinsu, tsohuwar malamar lissafi da na sani da tsauri, ta ƙi. Ta ce ba za ta sa hannu a kan labarin da ta ji a bakin wani ba, sai na rubuta abin da na yi da hannuna na sa hannu a ƙasa, kamar yadda muke yi a jarrabawa. A teburin Ammu Usman na zauna na rubuta, da alƙalaminsa. Layi tara ne kacal, amma sai da na yaga takarda huɗu.

Watannin nan sun yi mini tsawo. Ina koyar da 'ya'yan mutanen Safa da safe, ina dawowa in zauna jugum. Ammu Usman ya mayar da ni ɗan gida. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya ja ni gidansa, matarsa ta tuƙa asida da miyar kuɓewa busasshiya, wadda in ka rufe ido sai ka rantse tuwo ne a Gusau. 'Ya'yansa haifaffun Jidda suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar mini, suna dariyar yadda nake faɗin sunayensu.

Saura mako uku wa'adin Abu Faisal ya cika, saƙon ya iso, bayan ya bi ofisoshin tantancewa na can ya sha tambari a baya. A ofishin Ammu Usman na buɗe kwalin. Shahadar na ciki, sabuwa fil, itacen da wutarsa, gicciyen a samansa. Ba a cikin ambulan take ba. A naɗe take cikin koren ƙyallen nan, ya koɗe, ga hudojin ƙusa biyu a gefensa. Da 'yar takarda da rubutun Rabaran Dauda mai karkarwa: "In hatimin ya dami wani a can, ka rufe da wannan. In ya tafi ka buɗe."

Ammu Usman ya cire tabarau ya goge da gefen rawaninsa, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ja injinsa ya fassara takardar. Da ya zo kan hatimi ya rubuta da Larabci ƙarara cewa itace ne mai ci da wuta da gicciye a samansa, ya buga tambarinsa. Na miƙa wa Abu Faisal ita a buɗe. Ta shiga ofis ta fita ofis, babu mahalukin da ya tambaye ni ko kalma ɗaya a kan hoton. Sabuwar iƙamar ta fito an rubuta malami.

Saura kwana tara a ɗauki azumi na biyu jirginsu ya sauka. Na kama 'yan ɗakuna biyu a nan Madain Fahd, babu komai ciki sai katifa da tabarma da tukunya biyu. Bilkisu ta rame, ta dube ni ta ce ni ma na rame, muka tsaya kamar baƙi. Maijidda ta fara tafiya. Na miƙa mata hannu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ɓarke da kuka ta ƙanƙame zanin uwarta. Haka ta yi ta yi a mota, haka ta yi har muka shiga gida. Na san ba laifinta ba ne, amma ya sosa mini rai ƙwarai.

Wajen azahar gajiya ta kayar da ita, ta yi barci a kan katifa. Na'urar sanyi na busowa kanta, akwatunansu kuma ba a kwance ba.

"Malam, ba ka da wani abin rufa a gidan nan?" in ji Bilkisu.

Na duba ko'ina, gidan gwauro ne, babu. Sai na buɗe kwalin na zaro koren ƙyallen, na durƙusa na lulluɓa wa yarinyar a hankali. Ta motsa, ta kama gefensa ta dunƙule a hannu, tare da ɗan yatsana. Na zauna a wurin ban motsa ba har aka kira salla.